Tatsuniyar Da A Ke Shiga Cikinta

Zancenmu na wannan mako na wasa ne, amma kada wadda ta ji an ambaci wasa ta yi saurin juya shafi.

Ki tuna ƙawayen da kuka tashi tare a unguwarku, waɗanda kuka yi gaɗa da carabke da su, ko kuka zauna benci ɗaya a makaranta. Ina su ke yau? In a Maiyama ki ke, watakila an kai ɗaya Andarai, ɗaya tana Mungadi, ɗaya mijinta ɗan kasuwa ne ya tafi da ita Jega, wata kuwa ta yi sa'a tana karatu a jami'ar Aliero. In an auna da mota ba wani nisa ba ne. Amma ga macen da ke da girki da goyo, wadda ba ta fita sai da izini da kuɗin mota, Jega da Gwanja duk ɗaya ne. Sai biki ko suna ko ta'aziyya ke haɗa ku, nan ma gaisuwa ce a tsaitsaye cikin hayaniya. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa ta ke. To, in ƙafar ba ta da ikon fita fa?

Za ki ce ai ga waya. Gaskiyarki. Tun da wayar hannu ta shigo Nijeriya cikin 2001 magana da na nesa ta daina zama abin mamaki, yanzu kuwa da wuya a sami 'yan aji ɗaya da ba su buɗe zaurensu na WhatsApp ba. Amma ki duba abin da ke faruwa cikin irin waɗannan zauruka. Makon farko murna da tuna baya. Mako na biyu ina kwana da an tashi lafiya. Daga nan sai hoton atamfa da saƙon da wata ta kwaso daga wani wuri, in an yi rashin sa'a gulma ta shigo, a ƙarshe kuwa zaure ya yi tsit kamar an yi ruwa an ɗauke. Dalili shi ne, ba gaisuwa ce ta riƙe ku a dandali ba sa'ad da ku ke yara. Abin da ya riƙe ku shi ne akwai abin da ku ke yi tare. Abin da zan kawo muku yau ke nan, watau wani abin yi tare, wanda ba ya bukatar kowa ta bar ɗakinta.

Cikin shekarar 1974, a wani ƙaramin gari na jihar Wiskonsin ta ƙasar Amurka, aka buga ƙa'idodin wani wasa wanda mutum biyu suka tsara, Gary Gygax da Dave Arneson. Sunan wasan Dungeons & Dragons, ma'anarsa kamar a ce kurkukun ƙarƙashin ƙasa da dodanni. 'Yan littattafai ne guda 3 cikin akwatin kwali, kuma guda 1,000 kacal aka fara bugawa. Daga wannan ɗan akwati ne wasanni irinsa masu yawan gaske suka yaɗu cikin duniya.

Ga yadda a ke yin sa. Mutum huɗu ko biyar su zauna kewaye da tebur. Ɗayansu shi ne mai riƙe da labari. Sauran kuwa ko wane ya ɗauki mutum ɗaya na cikin labarin ya zama shi, ya rubuta a takarda sunansa da sana'arsa, da abin da ya iya da abin da bai iya ba, har da abin da ke cikin jakarsa. Mai labari ya ce, kun iso bakin wani kogo, ga sawun dabba a ƙasa, ga rana ta kusa faɗuwa, me za ku yi? Wannan ya ce zai kunna wuta ya leƙa, wancan ya ce shi dai a koma gari a nemi maharbi. Mai labari ya auna maganarsu ya faɗi abin da ya biyo baya. In wani ya ce zai yi abu mai wuya, kamar tsallake rami, sai a jefa ɗan lido a gani ko ya dace, nasu ma har akwai mai fuska 20. Ba wanda ya san inda labarin zai ƙare, har shi mai riƙe da shi. Kuma, abin da ya fi burge ni, ba a cin kowa. A dara ko lido tilas wata ta yi dariya wata ta ɓata rai. A nan kuwa tare a ke tsira, tare a ke faɗawa rami. Tun da ba shi da suna a Hausa, bari mu kira shi wasan shiga labari, mai riƙe da shi kuma mu ce mata uwar labari.

Na san wata uwargida tana karanta wannan tana murmushi, tana cewa yo ai wannan namu ne. Ba ta yi ƙarya ba. Wace yarinya ce ba ta aurar da 'yar tsanarta ba, ta zama uwar amarya, ƙawarta ta zama uwar ango, aka yi ta jayayya a kan kayan ɗaki na gwangwani? Da azumi ya kwana goma 'yan mata su kan fita tashen Mairama da Daudu, wata ta sa riga da hula ta zama maigida. Bayan kaka samarin ƙauye su kan yi kalankuwa, su naɗa sarkinsu da alƙalinsu da 'yan dokarsu, har da Gwamna da Di'o, su kafa shari'a su ci mai laifi tara. A gidajen manyan sarakuna kuwa akwai wasan gauta, inda matan fada ke shigar sarki da hakimansa, wata ta kwaikwayi tafiyar sarki da muryarsa da yadda ya ke yanke hukunci, shi kuwa yana kallo, ya ga halinsa a jikin wata, abin da ba bafaden da zai iya faɗa masa baki da baki. Ga kuma irin tatsuniyar nan da ba ta ƙarewa sai da tambaya, a ce cikin mutum ukun nan wa ya fi ƙoƙari, yara su kwana suna gardama. Ashe shiga rigar wani da yanke shawara a madadinsa ba baƙon abu ba ne gare mu. Abin da Turawa suka ƙara shi ne takarda da ƙa'ida, da kuma ɗinke labarin ya zama mai ci gaba, a tashi yau a ɗora mako mai zuwa, har a shekara ana abu ɗaya.

Sai dai wasanninmu duka dandali su ke so da farin wata, su kuma nasu tebur ya ke so. Dandali ya ja baya a garuruwa da yawa, ga makarantar boko da safe, ga Islamiyya da yamma, ga talbijin, ga iyaye ba su sakin jiki da fitar dare. Tebur kuma sai an taru a ɗaki ɗaya. Su ma can abin ya dame su. Wasu abokai uku a Amurka da suka saba wasan tare suna ɗalibai, da suka gama karatu sai neman abinci ya watsa su garuruwa dabam dabam. Maimakon su haƙura, sai suka gina wa kansu tebur a cikin intanet, inda kowa zai ga taswira ɗaya, ya ji muryar ɗan'uwansa daga inda ya ke. Cikin 2012 suka buɗe shi ga jama'a da sunan Roll20. Da annobar korona ta zo cikin 2020, shekarar da aka rufe makarantun Nijeriya tun watan Maris, kowa ya shige gida, sai masu wannan wasa a ƙasashe da yawa suka koma yin sa ta intanet, wasu ta Roll20, wasu ta manhajar hira mai suna Discord. Ki lura, abin da ya raba abokan nan uku shi ne kusan abin da ya raba ki da naki ƙawayen. Su aiki, ku aure.

Ba na ce ki nemi Roll20 ba. Da Turanci a ke yawancin harkarsa, ya fi daɗi a kwamfuta, yana kuma son intanet mai ƙarfi. Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki: zauren WhatsApp ɗin nan naku da ya yi shiru ya isa. Da ma da yawanku kuna karanta littattafan da mata 'yan'uwanmu ke rubutawa suna sakewa shafi shafi ta waya, kuna kuma aika musu roƙo kada su raba wance da wane. Tsakanin roƙon marubuciya da karɓar linzamin da kanki taki ɗaya ne.

Gani ya kori ji, bari in kwatanta muku da labarin da ya fito daga ƙasarmu. Kun san a ƙarni na 19 Jega tana cikin manyan kasuwannin daular Sakkwato, kuma fatake su kan bi ta nan su ƙetare Kwara su ratsa ƙasar Bargu, su yi watanni a hanya kafin su kai Salaga ta ƙasar Gwanja, cikin Ghana ta yau, inda su ke sayen goro. Su kan ɗauki kanwa da tufafi da fatu, har da gabu, busasshen ganyen albasar nan da mutanen Aliero ba sa bukatar a yi musu bayaninsa. Ko wane ayari yana da madugu mai shugabanci, da jagaba masanin hanya, da uban dawaki wanda ke kula da biyan kuɗin hanya ga sarakunan da a ke ratsa ƙasarsu. To, ga mutanen wasa sun samu ba tare da an aro dodon kowa ba.

A ce ke ce uwar labari, kina Maiyama. Ta Andarai ce madugu, ta Mungadi jagaba, 'yar makarantar da ke Aliero uban dawaki, ta Jega kuwa matar madugu ce mai dafa wa ayari tuwo. Bayan lisha, yara sun yi barci, sai ki ɗauki waya ki aika saƙon murya, ki ce:

"Kun baro Jega da kaya 40 bisa jakuna. Yau kun iso bakin Kwara wajen Ilo, kun tarar ruwa ya cika. Sarkin fito ya ce ba zai ƙetare da ku ba sai kun biya wuri 500 a kan ko wane kaya. Guzurinku duka keso ɗaya da rabi ne. Ga hadari ya haɗu a gabas, kun kuwa san kanwa ba ta shiri da ruwa. Wani yaro kuma ya zo da gudu ya ce ya hango ƙurar mahaya a bayanku. Me za ku yi?"

Shi ke nan, ki ajiye waya ki kwanta. Da safe kafin ta shiga aji, uban dawaki ta buga lissafi: kaya 40 sau 500, wuri 20,000 ke nan, watau keso guda cur, gama haka a ke ƙirga keso a zamanin wuri. Ta rubuto cewa in an biya wannan, rabin keso kaɗai zai rage, ga Bargu ba a ko shiga ba. Da hantsi jagaba ta gama shara ta ce ita ta san wani mashigi can gaba, amma yini guda ne, kuma ba ta da tabbacin mahayan nan ba can suka nufa ba. Ta Jega, tana jiran tukunya ta tafasa, ta ce ku bar ni da shi, a ba ni turkuɗi ɗaya cikin kaya in shiga wajen uwargidan sarkin fito, abin da ya gagari maza a bakin ruwa sau da yawa a cikin gida a ke warware shi. Yanzu fa ido ya koma kan madugu. Ita ce za ta zaɓa, in kaya suka jiƙe kuma ita za a tuhuma. Ke kuwa uwar labari, ko wace hanya suka bi sai ki sa ta zo da nata tsada: in sun bi ta cikin gida a rage musu kuɗi amma dare ya yi musu a bakin ruwa, in sun bi jagaba su tsira da wurinsu amma jaki biyu su gurgunce.

Ki duba fa abin da ya faru. Mata biyar a gari biyar sun wuni suna tunanin abu ɗaya, ba wadda ta fasa girkinta. Nan ne wasan waya ya fi na tebur nesa ba kusa ba, musamman gare mu. Masu yin sa a tebur babban kukansu shi ne haɗa mutum biyar a lokaci ɗaya, gama zama ɗaya ya kan ci sa'a uku ko huɗu. Wace matar aure ce ke da sa'a huɗu a jere da ba mai kiranta? Ranar da ki ke da sarari, ranar ce ƙawarki ke da girki. Amma in da saƙo a ke yi, ko wace ta amsa lokacin da hannunta ya bushe, minti biyar ya ishe ta. Wadda ɗanta ya kwana da zazzaɓi ta ɓace kwana biyu, in ta dawo sai ta koma sama ta karanta abin da ya wuce, ba abin da ya ɓata, ba sai an maimaita mata ba. Tatsuniyar kaka in kin yi gyangyaɗi ta wuce ki ke nan. Wannan tana nan tana jiranki.

Sa'an nan ga zancen kunya, wanda ni a ganina shi ne babba. Mun yi wa 'ya'yanmu mata tarbiyyar kawaici da sunkuyar da kai, abu ne mai kyau a wurinsa. Amma ku malaman makaranta kun san yarinyar da ta san amsa sarai, a tambaye ta a aji ta kasa buɗe baki. Ita ce gobe za ta tsaya gaban likita da ɗa a hannu, ya tambaye ta yaushe ciwon ya fara, me aka ba shi, ta yi ta murza bakin gyale. Irin wannan yarinya ita za ku ba maduganci. A waya ba idon da ke kallonta. Tana iya ɗaukar muryarta, ta saurara, in bai yi mata ba ta share ta sake, har sau biyar, ba wanda ya sani. Kuma ba ita ce ke magana ba, madugu ne, madugu kuwa ba ya jin kunyar sarkin fito. A cikin rigar aro za ta koyi yadda a ke jera hujja, da yadda a ke cewa a'a cikin ladabi, da yadda a ke yanke shawara a ɗauki nauyinta. Matan fada da suka yi wasan gauta sun san wannan sirri tun tuni. Bakin da ya saba, ko an tuɓe rawanin ba ya mantawa.

Uwargidan da ta bar makaranta shekara goma, wadda rabonta da rubuta abin da ya wuce layi biyu har ta manta, ita ma za ta ga hannunta ya sake. Ina roƙonku dai ku rubuta Hausa sosai, ku sa wa waya allon rubutu na Hausa don ku sami ƙ da ɗ da ɓ, kada jagaba ta ce ta ga ɓarawo a karanta wani abu dabam. Wadda rubutu ke yi wa nauyi kuwa ta yi da murya, ba a bar ta a baya ba. Kuɗi ma ba a kashe na kirki: rubutu ba ya cin data sai kaɗan, saƙon murya ya ɗan fi shi, kiran bidiyo ne mai haɗama, shi kuwa ba ku bukatarsa. Ba kuɗin mota, ba dafa wa baƙi.

Kada in yi muku zaƙin baki. Akwai abin da waya ba ta bayarwa. Ba za ki ga yadda ƙawarki ta zaro ido ba sa'ad da aka ce mahaya sun iso, dariyar da a ke yi tare har a riƙe ciki kuma ba ta biyo waya yadda ta ke. Ran da sabis ya ɗauke ko caji ya ƙare ana tsakiyar ƙetare Kwara, sai haƙuri. Wasan nan ba zai ɗauke muku ziyara ba, sai dai ya sa ran da kuka haɗu wajen suna ku tarar ba ku zama baƙin juna ba.

Yanzu sai abin da na san yana ran iyaye, ina kuma tare da su. Na farko ɗan lido. Malamai da yawa ba su yarda da wasan da a ke jifa a cikinsa ba, ko da ba a sa kuɗi, in kuwa an sa ko kwabo ya zama caca, ba mai gardama a kan wannan. Ba sai kun shiga wannan rigima ba, domin wasan yana yiwuwa ba jifa. Su kansu Turawa suna da irinsa, kamar wani mai suna Amber da aka buga cikin 1991. Ku ga dabara mai sauƙi: in wata ta ce za ta yi abu mai wuya, uwar labari ta jefa mata kacici-kacici, ko karin magana ta ƙarasa, ko ɗan lissafi, ta ce goro ƙwarya 7 da rabi guda nawa ne. In ta ce 750 kafin azahar, ta haye. In ta kasa, jaki ya zame. Kun ga an mai da sa'a ta koma ƙoƙari.

Haka nan abin da ke cikin labarin. Wasannin Turawa da yawa cike su ke da bokaye da tsafi da gumaka, har a can ma cikin shekarun 1980 iyaye da shugabannin coci da dama sun tayar da ƙura a kansu. Ba wanda ya ɗora muku wannan kaya. Labari naku ne. Kuna da Kanta da ganuwar Surame, kuna da masuntan Argungu, kuna da Gizo da Ƙoƙi in raha ku ke so. Kuna ma iya barin zamanin da, ku zo yau: mata biyar sun haɗa adashi sun sayi albasa da kaka za su ajiye sai ta yi tsada, ga ruɓa ta fara, ga dillali yana zuga su su sayar, ga ɗaya cikinsu bukata ta taso mata tana son kuɗinta. Wadda ta sha wannan gwagwarmaya a wasa, ran da ta zo da gaske ba za ta rikice kamar wadda ba ta taɓa tunaninta ba.

Abin da na fi jin tsoro ba dodon labari ba ne, baƙon zaure ne. Intanet cike ta ke da wuraren da a ke gayyatar kowa da kowa wasa, kuma wanda ya ce miki shi yarinya ce 'yar shekara 15 ba ki da hanyar sanin ko ƙato ne mai gemu. Bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne. Ku 'yan makaranta, kada ku shiga wasa da wanda ba ku san fuskarsa da gidansu ba, kada ku ba da hoto ko kwatancen gida, kuma in wani ya bi ku ta gefe ya ce ku ci gaba da labarin ku biyu, ku nuna wa inna nan take. Ya fi kyau zauren yara ya kasance da babba ɗaya a ciki, yaya ko gwaggo ko malama, ko da ba ta wasa. Ke ma uwargida, ki gaya wa maigida abin da ku ke yi da waɗanda ku ke yi da su tun kafin ya ji kina magana da murya mai kauri cikin dare kina cewa a ɗaure jakuna. Ki ba shi ya saurara. Ba mamaki ya ce a ba shi sarkin fito, sai ku ce masa zauren na mata ne, ya tara nasa abokan.

Saura habaici. Mu mata mun iya shi, wasan nan kuwa ƙofa ce a buɗe gare shi. Da wuya a yi wata guda wata ba ta ƙago wata muguwar tsohuwa cikin labari ba, mai tafiya da magana sak irin na uwar mijin wata, ko kishiyar wata. Ku kiyayi wannan. Matan gauta da yardar fada su ke yi, kuma in an watse maganar ta bi iska. Saƙon waya ba ya bin iska. Yana nan ajiye, yatsa ɗaya ya isa ya kai shi Jega kafin ki kurɓi ruwa, ya raba zumuncin da aka buɗe zauren dominsa. Aikin uwar labari ne ta tsare wannan ƙofa, in ta ga an nufi wata da gaske ta sa kura ta cinye tsohuwar nan tun da wuri. Aikinta ne kuma ta ga ba a bar mai baki ɗaya ta cinye wasan ba. In ta lura ta Mungadi ta kwana biyu ba a ji ta ba, sai ta kawo abin da ba mai iya warware shi sai jagaba.

In za ku fara, kada ku wuce mutum shida, gama in an yi yawa sai wasu su zama 'yan kallo. Ku buɗe zaure dabam domin wasan kaɗai, gaisuwa da cigiya su tsaya a wancan. Ko wace ta rubuta layi uku game da wanda ta zama: abin da ya iya, abin da ya ke tsoro, da abin da ya fito nema. Ku yanka wa kanku lokaci, a ce uwar labari ta yi magana sau ɗaya a yini bayan lisha, amsa kuma ta iso kafin la'asar ta gobe, don kada abin ya zama sanadin ƙonewar miya ko barin aikin gida na makaranta. Lokacin jarrabawa ayari ya sauka zango, ya huta har a gama. Labarin farko kada ya wuce wata ɗaya, in an kai Salaga an sayi goro an dawo, sai wata ta karɓi riƙon labari, wadda ta sha mulki ita ma ta ɗanɗani jan jaki.

Ke kuma da za ki fara riƙewa, kada ki wahal da kanki da tsara ƙarshen labari, gama ba za su bi inda ki ke so ba. Ki tanadi matsala uku da mutum uku da za su gamu da su a hanya, sauran ki bar musu. Ko wane dare dai ki tsaya a inda rai zai so ƙari, kamar a ce an ji motsi a bayan zango, ki yi shiru.

Waɗanda suka gwada, a Maiyama ko Jega ko Aliero ko wani wuri, su rubuto wa wannan fili su gaya mana yadda ayarinsu ya ƙare da sarkin fito, da ko nawa suka biya shi.